Layi na Dubu Huɗu da Tara

Fergus Rendall, ban san fuskarka ba.
Sunanka kawai na gada, a saman kowane fayil,
kamar wadda ta tare a gidan haya
ta tarar da ƙusa a bango,
ta san dai an taɓa rataye wani abu a nan.

Ni ce Thenmozhi. Coimbatore, hawa na shida,
kujera ta uku daga taga.
Agogo biyu ne a bangonmu, namu da naku,
kuma da naku muke cin abinci.
Kuna shan shayin safe, mu rana ta take,
kuna cewa sai gobe,
'yata Kayal ta riga ta yi barci
da littafin lissafi a ƙirji, tana jiran in duba mata.

Manhajar da ka bari tana sayar da tikitin jirgin ruwa
zuwa tsibiran da harshena ke tuntuɓe a sunayensu.
Wata takwas ina lissafa kuɗin ɗaukar tunkiya,
da na tarakta, da na akwatin gawa,
ina yafe wa tsofaffi rabi,
ni da ban taɓa tsoma ƙafa a teku mai sanyi ba.

An ce shekara goma sha tara ka yi kana gina ta.
An ce mako shida aka ba ka ka miƙa.
An ce albashinka ya ɗauki mu huɗu, har da canji.
Muryarka sau ɗaya na ji, a tsohon faifan taro,
kana tari, kana cewa ku tambaye ni komai.
Aka yi tsit.
Arulselvan, ubangidanmu, ya ce ai mun gane.
Ba mu gane ba.
Kwangila ce ta ce mun ƙware, wa zai ƙaryata kwangila?

A layi na dubu huɗu da tara
ka bar magana, ba don na'ura ba:
"Kada a taɓa wannan. In iskar yamma ta tashi
jirgin Talata ba ya fita,
ko me jadawali ya ce. Ku yarda da ni."

Na taɓa.
Layin mummuna ne, ƙulli a kan ƙulli.
Na warware shi tsaf, har aka yaba mini a taro.
Ran Talata mutum arba'in da ɗaya
suka tsaya a gaɓa, ruwa na dukansu,
riƙe da tikitin jirgin da ke ɗaure.
Har da wata mai zuwa asibiti ganin jikanta.
Ashe ruwa ba ya tsami banza.
Ƙarfe ɗayan dare na mayar da ƙullinka yadda ka ɗaure shi,
kofina ya huce, mai gadi yana hamma,
ban cire ko waƙafi ba.

Ina kake yanzu?
Wani ya ce kana gyaran kekuna, wani ya ce bai sani ba.
In kana jin haushina, da gaskiyarka.
Ni dai kuɗin hayar uwata daga layukanka yake fita.

Jiya aka kira Arulselvan, ya fito yana goge gilashi.
Wai akwai wasu a Da Nang, sun fi mu sauƙi.
Gemun maƙwabci ya kama wuta, ni ba ni da gemu,
amma na ji ƙauri.

Shi ya sa na koma layinka, na rubuta a ƙasa:
"Gaskiya ya faɗa. Na gwada.
Ki yi tambaya tun ina nan.
Thenmozhi."